Karatun Sifaniyanci: Sifaniya ko Amurka? Ga amsata, ƙanwata

Kin tambaya ina ya fi ki ci gaba da karatun Sifaniyanci, Sifaniya ko Amurka. Ki tafi Sifaniya, ƙanwata. Tsakanin digiri na biyu a can da faɗawa digirin digirgir kai tsaye a Amurka, ba zan yi miki kwana-kwana ba. Na san 'yan zauren nan da ke Amurka za su taso mini, to bismilla, kowa ya faɗi abin da ya taɓa da hannunsa.

Bari in ba Amurka haƙƙinta in wuce. Idan sashen Sifaniyanci na wata babbar jami'arsu ya ɗauke ki, yawanci yakan yafe kuɗin makaranta, ya ba ki alawus da inshorar lafiya na kusan shekara 5, ke kuma ki riƙa koya wa 'yan ajin farko gaisuwa da jujjuya aikatau. Kuɗinsu ya fi kauri, wannan babu gardama. Amma kafin ki ga ko sisi, yawancin jami'o'i sai kin biya kuɗin neman gurbi da dala, ga jarrabawar Ingilishi, ga dala 350 na SEVIS, rajistar ɗaliban ƙasashen waje, ga dala 185 na biza. Ita kanta ƙofar ma ba a buɗe take ga kowa ba: a Yunin 2025 aka hana 'yan Chadi da Sudan shiga, a Disamban shekarar aka ƙara da Nijar, aka kuma dakatar da bizar ɗalibai ga 'yan Najeriya. In fasfonki ya tsira daga wannan kuma tayin kuɗi ya zo a rubuce, kina da har 15 ga Afrilu kafin ki amsa, yawancin jami'o'insu sun yi yarjejeniya a kan ranar. Iyakar abin da zan ce a kansu ke nan.

A Sifaniya kuɗin a warwatse yake, sai an bi ana tsinta. Tunda ke mace ce, ki fara da Learn Africa na gidauniyar Mujeres por África, wadda tsohuwar mataimakiyar shugaban gwamnatin ƙasar, María Teresa Fernández de la Vega, ta kafa a 2012. Jami'o'i ne ke ba gidauniyar gurabe, ita kuma ta raba wa matan Afirka, shi ya sa kowane gurbi da irin kayan cikinsa. Wani ya haɗa da tikitin jirgi da masauki da na kashewa, wani bai kai haka ba, wasu ma ta intanet ake karatun kina zaune a ɗakinki. Ki karanta kowanne shi kaɗai. Sai tallafin MAEC-AECID na ma'aikatar harkokin wajensu, wanda ake fitar da sanarwarsa duk shekara a jaridar gwamnati, BOE. Jerin ƙasashe da sharuɗɗa suna sauyawa, kuma akwai rassan da sai ma'aikacin gwamnati, don haka in kina koyarwa a jami'a ko kwalejin gwamnati, kada ki raina takardar ɗaukar aikinki. Erasmus Mundus, tallafin Tarayyar Turai, na ba da Yuro 1,400 a wata, sai dai shirye-shiryensa na harshe da adabi kaɗan ne, kuma za ki yi ta ƙaura daga ƙasa zuwa ƙasa. Fundación Carolina kuwa kada ki ɓata mata dare ko ɗaya. Sunanta ne ke fara fitowa in an yi bincike, amma ba tamu ba ce, an yi ta ne don 'yan Latin Amurka da Fotugal.

Ko tallafin bai cika ba, lissafin ba ya kashe mutum idan kin zaɓi gari da kyau. A jami'o'in gwamnati na yankin Andalusiya, digiri na biyu na shekara 1 bai kai Yuro 1,000 ba, rajistar digirin digirgir kuma kusan Yuro 60 ce a shekara. Madrid daban ce, can baƙon da ba ɗan Tarayyar Turai ba tsada ake yi masa, ga haya mai zafi. Wajen biza za a so ki nuna Yuro 600 na kowane wata, ko takardar tallafin da ta ɗauke wannan. Tun 2022 doka ta yarda ɗalibi ya yi aiki har awa 30 a mako.

Ni Granada na yi, kuma abin da ya riƙe ni a ƙasar ya faro ne daga wani ɗan ƙaramin taro na matasan manazarta. Aikina a kan littattafan Moriskawa ne, Musulmin da aka tilasta wa shiga Kiristanci, aka kuma kore su daga ƙasar tsakanin 1609 da 1614. Da Larabci ya kuɓuce musu, sai suka riƙa rubuta Sifaniyancinsu da haruffan Larabci: ƙissoshin annabawa, hukuncin alwala, addu'o'i, magunguna. A 1884 masu gyaran wani tsohon gida a Almonacid de la Sierra, a lardin Zaragoza, suka ɗaga daɓe suka iske tarin irin waɗannan littattafai a ɓoye. Da yawansu yanzu suna ɗakin karatu na Tomás Navarro Tomás na hukumar bincike ta CSIC a Madrid, an kuma ɗora hotunansu a intanet kyauta.

To, na hau bas da daddare da guzurina a leda, na isa da asuba, na gabatar da maƙalata ta minti 20 a gaban mutanen da ba su cika aji ba. Wajen tambayoyi wata dattijuwar farfesa ta ce in koma wani shafi da na haska a bango, in karanta mata layin da na tsallake. Na karanta kai tsaye. Rubutun irin na Magariba ne, fa da ɗigonta a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, daidai yadda muka taso muna gani a allo. Abin da ya rage kawai mutum ya saba da dabarunsu, kamar harafin ba mai shadda a matsayin p, da fataha mai alif a matsayin e. Da aka fita shan kofi ta biyo ni, tana tambayar a wace jami'a na koyi karatun rubutun hannu. Na ce mata a zauren malaminmu ne, da tawada da alƙalamin kara. Ta yi dariya har da riƙe kafaɗata, ta ce ɗalibanta sukan yi zango guda suna fama da ɗigon nan. Ta rubuta mini adireshinta na imel a bayan takardar jadawalin taron. Daga baya ita ta zama mai duba kundina, kuma a ƙarƙashin aikin bincikenta na samu kwantiragin da nake ci yanzu.

Na kawo wannan ne don ki gane yadda kuɗin digirin digirgir yake tafiya a can. Ba kyauta ba ce, aikin albashi ne na shekara 4, da inshorar ma'aikata. Akwai FPU na ma'aikatar da ke kula da jami'o'i, wanda makin digirinki na farko ke da nauyi sosai a cikinsa, kuma sai kin sa an mayar da makin zuwa ma'auninsu na 10. Akwai wanda aka fi sani da FPI, shi kuma a jikin aikin binciken wani farfesa yake rataye. Jami'o'i da gwamnatocin yankuna ma suna da nasu. A kowanne ana son malamin da ya yarda ya tsaya miki, kuma malami ya fi tsaya wa wadda ya gani tana kare maƙalarta fiye da wadda ta turo imel daga nesa.

Ba zan ɓoye miki wahalar ba. Tsakanin gama digiri na biyu da fitowar sakamakon kwantiragi akwai watanni na zaman jiran tsammani, a nan ne ajiyarki da ɗan aikin koyar da Ingilishi ko Faransanci za su yi miki rana. Albashin shekarun farko na rufin asiri ne kawai, sai a shekara ta 3 da ta 4 yake ɗagawa. Ga zirga-zirgar takardu: rajistar mazauni a ofishin gari, neman ranar ganawa don katin zama, sabunta shi. Duk da haka da safe a layin burodi Sifaniyanci za ki ji, da shi za ki yi rigima da mai gidan haya, kuma ma'ajiyar takardun tarihi ta Archivo General de Indias a Sevilla da babban ɗakin karatu na ƙasa a Madrid tafiyar 'yan awoyi ce.

Wajen taruka ma tazarar a fili take. Taron MLA, ƙungiyar masana harsuna da adabi, na watan Janairu a Amurka babba ne, amma jirgi da otal da rajista sukan cinye abin da sashe ke ba ɗalibi na tafiya. A Sifaniya akwai tarukan da ɗalibai ne da kansu suke shiryawa, kuɗin rajista kaɗan. ALEPH na masu nazarin adabi ne, duk shekara a wata jami'a daban. Asociación de Jóvenes Lingüistas na masu ilimin harshe ne. JISO, wanda rukunin GRISO na jami'ar Navarra ke shiryawa, na masu adabin ƙarni na 16 da 17 ne. In koyar da harshen ne burinki, ASELE, ƙungiyar masu koyar da Sifaniyanci ga baƙi, ita ce gidanki. Masu irin fagena kuma Teruel muke jira, inda ake taron nazarin Mudejar, wato Musulmin da suka zauna a ƙarƙashin mulkin Kirista, da Moriskawa. Babbar ƙungiyar masana ta duniya, AIH, wadda aka kafa a Oxford a 1962, yawanci sai bayan shekara 3 take zama. Ta yi a Ƙudus a 2019, ta yi a Neuchâtel ta Suwizalan a 2023. Wannan ki bar shi sai kundinki ya yi ƙashi. LASA, ƙungiyar masu nazarin Latin Amurka, ita ma takan ba da tallafin tafiya, kuma ba kullum a Amurka take zama ba, ta yi a Barcelona a 2018, ta yi a Bogotá a 2024. Katin zamanki na Sifaniya zai kai ki taro a Faransa ko Italiya ko Fotugal ba tare da sabuwar biza ba.

Duk taron da kika je, kada ki baro wurin sai da takardar shaidar cewa kin gabatar da maƙala, don su takarda suke ƙirgawa in an zo rabon kwantiragi. Tikitin bas da rasidin masauki ma ki adana su, galibi ke za ki fara biya, daga baya a mayar miki.

Yanzu abin da ba ki tambaya ba. Da zarar kin yi maganar nan a fili, ejan-ejan za su cika miki waya, kowa da "gurbi da sukolashif, an gama komai". Neman AECID da Learn Africa da Erasmus Mundus duk kyauta ne, da hannunki za ki cike. Wanda ya ce yana da mutum a ciki, kuɗinki yake so. Damfarar da ta fi ciwo ita ce wadda ba a ganewa sai an gama karatu. A Sifaniya digiri na biyu iri biyu ne: máster oficial, wanda gwamnati ta amince da shi, da título propio, wanda makaranta ce kawai ta ƙirƙiro abinta. Na biyun ba ya shigar da mutum digirin digirgir, kuma shi dillalai suka fi tallatawa saboda yana da saurin samu. Na ga wata baiwar Allah da ta sayar da filin gadonta ta yi shekara guda, ta zo rajistar digirgir aka ce mata takardar ba ta shiga. Kafin ki biya ko kwabo, ki nemi sunan kwas ɗin a rajistar gwamnati mai suna RUCT. In ba ya ciki, ki rufe shafin.

Akwai kuma tarukan bogi. Alamarsu a bayyane take: taro ɗaya ya haɗa adabi da injiniyanci da kiwon kaji, ana karɓar tsakure cikin kwana guda, sai a ce ki biya a aiko miki da takardar gayyata ta biza. Taron gaskiya yana da jami'ar da ta ɗauki nauyinsa, da sunayen kwamitin da za ki iya samu a shafin sashensu. Haka ma masu sayar da ranar ganawa ta biza da masu "gyara" takardar banki. In aka kama takardar jabu, sunanki ne zai ɓaci a ofishin jakadanci, ba nasu ba.

Ki fara da takardun digirinki tun yanzu, don tantance su a ma'aikatun ilimi da harkokin waje da ofishin jakadancin Sifaniya yana cin lokaci, sannan sai mai fassara mai rantsuwa, wanda hukumarsu ta amince da shi, ya juya su. Ki yi rajistar DELE, jarrabawar ƙwarewa a Sifaniyanci, aƙalla matakin B2, in da hali C1, domin sassan adabi da dama shi suke nema. Takardarsa ba ta mutuwa, ta ɗaya jarrabawar, SIELE, kuwa shekara 5 ce. Jami'o'in Andalusiya sukan buɗe zagayen farko na masu digirin ƙasashen waje tun farkon shekara, ta kafa guda ɗaya ta Distrito Único Andaluz. In kin rubuta wasiƙar bayyana manufarki, ki turo mini ta akwatin sirri in duba miki kafin ki aika.