Kararrawar hasumiya ko ta hannu?

Ana ta tambayata wai tsoffin daliban kungiyoyin kada kararrawa na jami'o'in Ingila, irin ta Oxford da aka kafa 1872, wacce yafi su rike bayan gama makaranta.

Ta hasumiyar coci dai ba ka siyan komai amma galibi sai ka hau bene ka ja igiya, mutum daya kararrawa daya, in igiya ta kubce tana iya fizgarka sama, gashi cikakken kidan yana cin kusan awa 3 a tsaye. Ta hannu a falo ma ana yi, a zaune, saidai akwai tsada kuma kowa biyu yake rikewa, lissafin canza jerin bugun na juya kwakwalwa wallahi.

Mai karfi a jiki mai son jama'a ya nufi hasumiya, wanda gwiwa ta fara ciwo ko garinsu ba hasumiya ya nemi abokai biyu su kama ta hannu.