Horon ninkaya na ɗaliban sakandare: abin da na gani cikin makonni takwas

Makarantar da ɗana yake aji ɗaya na babbar sakandare ta ƙulla yarjejeniya da wani kulob na ninkaya a nan Kaduna, inda ake kai ɗalibai kowace Asabar da safe har tsawon makonni takwas. Na biya kuɗin ne domin yaron ya iya fitar da kansa idan ya faɗa ruwa, tunda duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san yadda kududdufi da rafi suke cin yara da damina. Na halarci shida daga cikin ranakun, kuma abin da ya sa nake ganin kuɗina bai tafi a banza ba shi ne yadda masu horarwar suka fara da koyar da zama lafiya a cikin layi kafin su yi maganar sauri.

Kwamin yana da tsawon mita 25, wato rabin wanda ake gasar Olamfik a cikinsa, kuma an raba shi da igiyoyi zuwa layuka gwargwadon saurin yara. A ranar farko babban kocin ya tsayar da su a bakin ruwa kusan rabin sa'a yana bayani. Wanda zai shiga layin da ke da mutane sai ya fara zama a gefe ya zura ƙafafunsa, domin na ciki su san da zuwansa. Idan mutum biyu ne, kowa ya riƙe ɓangarensa, amma da zarar sun kai uku sai a koma zagaye, kowa ya bi hannun dama a tafiya da dawowa, kamar yadda motoci suke bi a titunan Najeriya tun 1972. Ana barin tazarar daƙiƙa biyar tsakanin mai tashi da mai bi masa. Mai son wucewa yana taɓa ƙafar na gabansa sau ɗaya, shi kuma wanda aka taɓa sai ya ƙarasa bango, ya raɓe a kusurwa ya ba shi hanya, ya bar tsakiyar bangon ga masu juyawa.

Wannan doka ta taɓa ƙafa ita ce ta fi yi wa yaran wuya, saboda a shekarunsu kowa yana ganin ba da hanya tamkar amincewa ne an fi shi. A mako na uku na ga ɗana an taɓa ƙafarsa, maimakon ya tsaya sai ya ƙara bugun ruwa da ƙafa har ya watsa wa na bayansa a fuska. Kocin ya busa usur, ya fito da shi, ya zaunar da shi a kan benci yana ɗigar ruwa, ya ce ya ƙirga sau nawa aka ba da hanya a layin cikin minti biyar. A mota yaron ya ce mini, "Baba, ashe har wanda ya fi kowa sauri yana tsayawa." Ban sake ganin ya yi gardamar hanya ba har aka gama.

Gwajin ƙarfin jiki an yi shi sau biyu, a mako na biyu da na ƙarshe. Sun yi amfani da gwajin minti 12, wanda likitan sojan saman Amurka Kenneth Cooper ya fito da shi a 1968 domin masu gudu, aka kuma samar da irinsa na ninkaya: yaro ya yi iyo na minti 12, ya huta idan ya gaji, a ƙirga nisan da ya ci. Da ya fito sai ya ɗora yatsu biyu a wuyansa, ya ƙirga bugun jini na daƙiƙa 15 ya ninka sau huɗu, sannan ya sake ƙirgawa bayan minti ɗaya domin a ga saurin saukarsa, wanda shi ne ke nuna yadda zuciya take farfaɗowa. Na yaba da cewa ba a karanta sakamako a bainar jama'a ba. Kowane ɗalibi an ba shi katinsa, ana kwatanta shi da abin da shi kansa ya yi a baya, don haka yaro mai ƙiba ko mai fama da asma bai zama abin dariyar abokansa ba.

Akwai gyara, kuma ba ƙarami ba. Wasu ranakun ana cusa yara tara a layi ɗaya, abin da ke rushe tazarar da su kansu suka koyar, kuma sau biyu na tarar da ruwan ya yi duhun da ba a ganin baƙin zanen da ke ƙasan kwamin, alhali mai aikin ceto ba zai iya ceton wanda ba ya gani ba. Abin da ya fi damuna shi ne rashin mace mai horarwa da rashin lokaci na musamman ga 'yan mata, wanda ya sa iyaye da dama, har da ni, ba mu kawo 'ya'yanmu mata ba, duk da cewa su ma suna shiga kwalekwale idan an je ƙauye. Na yi wa manajan magana, ya ce, "Alhaji, muna neman wadda za mu ɗauka." Zan sake yi wa ɗana rajista a zango mai zuwa, kuma ranar da suka ɗauki mace suka ware wa 'yan mata lokacinsu, ƙanwarsa ma za ta shiga.