OpenSSH a kan Ubuntu: yadda na same shi a wurin aiki

Duk mai kula da kwamfutar da ba a gabansa take ba, OpenSSH, wato manhajar da ke ba ka damar shiga wata kwamfuta daga nesa ka ba ta umarni, zai rage masa wahala sosai. Ni na kunna shi ne a kan wata tsohuwar kwamfuta mai Ubuntu da muke tara fayilolin shagonmu a ciki. Ba ta da allo, tana can ƙarƙashin tebur, amma daga kwamfutar cinya nake ba ta umarni kamar ina zaune a gabanta.

Kunna shi ba wuya. Ka rubuta sudo apt install openssh-server, ka bi shi da sudo systemctl enable --now ssh domin ya riƙa tashi da kansa duk lokacin da aka kunna kwamfutar. In kana amfani da ufw, wato katangar tsaro ta Ubuntu da ke tace masu shigowa, sai ka ƙara sudo ufw allow ssh, ya buɗe ƙofa mai lamba 22, wadda SSH ke shigowa ta cikinta. A ɗaya kwamfutar kuwa, ssh kawai za ka rubuta, sai sunanka, da alamar @, da adireshin IP na kwamfutar da kake son shiga. Windows 10 ma tana zuwa da shi tun 2018, ba lallai ka nemo wata manhajar SSH daban irin PuTTY ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne rashin cin data. Rubutu kaɗai ke kai da kawowa, babu hoto, shi ya sa ko sabis ya yi rauni aiki na tafiya. Kuma duk abin da ya wuce tsakanin kwamfutocin a rufe yake, mai leƙe ba zai iya karanta shi ba. Dalilin ƙirƙirarsa ke nan tun asali: Tatu Ylönen ya rubuta SSH a 1995 a wata jami'a da ke ƙasar Finland, bayan an saci kalmomin sirri a kan layin jami'ar, a zamanin da Telnet, tsohuwar hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ke aika su a fili. Masu OpenBSD, wani tsarin sarrafa kwamfuta, suka fitar da OpenSSH kyauta a 1999.

Sai dai kada ka tsaya a kalmar sirri. Duk kwamfutar da ta buɗe ƙofa ta 22 ga intanet, leƙa /var/log/auth.log ka ga yadda baƙi ke gwada shiga da sunan root, wato asusun da ke da cikakken iko a kan kwamfutar, dare da rana. Maganinsu makulli ne. Da ssh-keygen -t ed25519 za ka samu fayil biyu, ɗaya na sirri da ba ya barin hannunka, ɗaya kuma ssh-copy-id zai kai shi can. Bayan ka tabbatar makullin na buɗewa, sai ka shiga /etc/ssh/sshd_config ka mayar da PasswordAuthentication zuwa no, domin hana shiga da kalmar sirri. Don Allah, kana wannan gyara ka bar taga ɗaya a haɗe, ka gwada shiga ta wata, in ba haka ba kana iya kulle kanka a waje.

Inda ya gaza mini wuri biyu ne. Da sabis ya yanke, tagar sai ta daskare, aikin da ka bari yana gudana kuma yana iya mutuwa. Danna Enter, sai ~, sai ɗigo, zai sake ka. Dogon aiki kuwa a cikin tmux nake sa shi yanzu, manhajar da ke riƙe aiki ko da haɗin ya yanke, in na dawo in tarar da shi yana nan. Na biyu, shiga daga wajen shago. Yawancin layukan data na waya suna haɗa mutane da yawa a kan adireshi ɗaya, don haka ba za ka iso kwamfutarka kai tsaye ba. Wannan ba laifin OpenSSH ba ne, amma sai da na haɗa da Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urorinka kamar a layi ɗaya suke, kafin na iya shiga daga gida ta Termux, manhajar rubuta umarni, a wayata.

Wanda bai saba da rubuta umarni ba zai sha wuya a makon farko, domin babu abin dannawa ko ɗaya. Ya fara gwadawa tsakanin kwamfutoci biyu a cikin gida kafin ya buɗe ƙofar ga intanet.