Yaron da ke ƙin fo: a tsare shi ko a saurara masa?

'Yar'uwa, kin ce ɗanki ya kai shekara 2 da wata 7, amma da ya hango fo sai ya sanƙare ƙafafu ya ɓarke da kuka. An kuma raba miki hankali. Wasu sun ce ki cire masa famfas gaba ɗaya ki tsare shi kwana uku, wasu sun ce ki rabu da shi har ya nema da kansa. Kowace shawara tana da tushe, sai dai ba yaro iri ɗaya suka dace da shi ba.

Ta tsarewa ta samo asali ne daga wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Nathan Azrin da Richard Foxx, waɗanda suka yaɗa ta a 1974. A shayar da yaro ruwa da yawa don fitsari ya riƙa zuwa a kai a kai, a yi ta kai shi kan fo, a duba wandonsa, in a bushe yake a yaba masa. Tana da sauri, ba musu. Amma tana wahalar da uwa: ba fita, ba wani aiki, sai goge ƙasa da wankin wanduna. Kuma sharaɗinta shi ne yaro ya kasance mai bin umarni, wanda in an ce zauna zai zauna. Naki kuwa a nan ne ya tirje.

Ta biyun likitan yara ne, T. Berry Brazelton, ya bayyana ta a 1962. A ajiye fo inda yaro ke wasa, ya hau da kayansa a jiki, daga baya ba famfas, in ya ƙi a janye. A cikin yara 1,170 da ya bibiya, matsakaicin lokacin da suka daina ɓata jiki da rana wajen wata 28 ne. Aibinta jan lokaci, da kuɗin famfas, da surutun masu cewa sangarta ce.

Kafin ki zaɓi ɗaya, duba kashinsa. Yawancin iyaye nan suke tsallakewa. Yaro in ya taɓa yin kashi mai tauri ya ji zafi, sai ya fara riƙewa. Yana riƙewa hanji na tsotse ruwan da ke ciki, kashin na ƙara tauri, na gaba ya fi na baya ciwo. Za ki gan shi ya laɓe bayan ƙofa, ya ɗage a kan yatsun ƙafa, ya matse ɗuwawu, fuska ta yi jawur. Ke kin ɗauka yunƙuri yake, alhali mayar da shi yake yi. Wani lokaci ma ɗan ruwan kashi ya riƙa ɓata wando, a zaci gudawa ce. Wani bincike na 1997 ya samu kusan yaro ɗaya cikin biyar yana ƙin yin kashi a fo, har da waɗanda suke fitsari a ciki lafiya lau. Irin wannan yaron in kika tsare shi kwana uku, riƙon ne zai ƙaru. Sai an fara tausasa cikin da ruwa da 'ya'yan itatuwa da kayan lambu, in ya ƙi kuma likita ya rubuta magani.

A ganina, hanyar tsarewa ta yaron da ya yarda ce amma bai iya ba. Wanda ke ihu, a saurara masa. Ki ɗauke maganar fo kwata-kwata na makonni kaɗan, ko ambato kada a yi. In kun dawo, ki ari abu ɗaya daga ta farkon, wato tsayayyen lokaci: minti 15 zuwa 30 bayan cin abinci, lokacin da hanji ke motsi da kansa. Zaman kada ya wuce minti 5. Tafin ƙafarsa ya taka ƙasa sosai, shi ya sa fo ya fi masan zama sauƙi ga ƙaramin yaro, ƙafa tana reto ba ya samun ƙarfin yunƙuri. Ko da namiji ne, a zaune zai fara koyon fitsari.

In ya ce sai an sa masa famfas zai yi kashi, ki sa masa, ya fi ya riƙe. Amma a banɗaki zai yi. Bayan kwanaki ya zauna kan fo da famfas ɗin a jikinsa, sannan a sassauta shi, har a cire. Duka da kiransa ƙazami, musamman a gaban yayyensa, ba abin da suke koya masa sai ɓuya.

Fitsarin kwance kuma daban ne, kada ki haɗa su. Kafin shekara 5 likitoci ba sa ɗaukarsa matsala. Abin da zai sa ki kai shi asibiti ba jira shi ne jini a kashi, kuka lokacin fitsari, kumburin ciki, ko kwanaki da dama ba bahaya. Haka nan in ya haura shekara 4 bai daina ɓata wando da rana ba.