RX 580 ko GTX 1660 Super, ga mai son ƙure wa kati gudu

Ɗan'uwa, ka tambaye ni wane katin girafik na kwamfuta za ka saya don ƙure masa gudu, RX 580 na kamfanin AMD ko GTX 1660 Super na kamfanin Nvidia. Ɗauki GTX 1660 Super ɗin, ka bar musu RX 580. Na san abin da ke jan zuciyarka wajen RX ɗin, an ce maka Nvidia ta ɗaure ƙarfin wutar katunanta, ita kuwa AMD ta bar ƙofa a buɗe. Wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba. Sai dai a garin Garwa, kafin ka kai inda Nvidia ta gitta igiyarta, zafi ya riga ya tare ka a hanya.

Ɗaurin ya daɗe. Tun 2012, zamanin GTX 680, Nvidia ta fara matsa wa kamfanonin da ke haɗa mata kati, har EVGA ta cire wa samfurin Classified mashigar da ake jona na'urar EVBot a ƙara wuta. A zamanin GTX 900 dai mutane suna iya gyara BIOS, wato manhajar da ke cikin katin mai tsara aikinsa, da hannunsu. Da GTX 10 ta fito a 2016 sai aka rufe wannan ma, BIOS ɗin da babu hatimin kamfani kati ba ya karɓarsa, wutar kuma ta tsaya a bolt 1.093. Shi ya sa za ka ja madannin wuta a MSI Afterburner, manhajar saita gudu da wutar kati, har ƙarshe, ka ga kamar ka yi wani abin kirki, alhali izini kawai ka ba katin ya taka matakin ƙarshe na tsanin da aka riga aka kafa masa.

Nawa 1660 Super ɗin ya shekara uku a ɗakina. Watan farko ni ma na yi irin wannan zumuɗi, komai na ja shi ƙarshe. Abin da na samu bai wuce hoto uku ko huɗu a daƙiƙa ba, idona ma bai gane bambancin ba. Da Afrilu ya shigo, zafin gari ya haura 40, fankokin suka dinga kuka kamar injin markaɗe, har mai ɗakina ta leƙo tana tambaya ko wani abu ne ya lalace. Zafin katin yana kai maki 83 sai ya ja da baya da kansa, domin haka tsarin GPU Boost yake, zafi na hawa shi yana sauke gudu kaɗan-kaɗan. Ashe abin da na ƙara da safe, rana ce ke karɓe shi da azahar. Wani yaro mai gyaran kwamfuta a unguwarmu ne ya nuna mini dabarar. Ya danna Ctrl da F a Afterburner, layin wuta da gudu ya fito, ya kama ɗigon bolt 0.9 ya ɗaga gudunsa wajen MHz 1900, ya miƙar da sauran. Wato maimakon ƙara wuta, rage ta muka yi. Zafi ya sauka da kusan maki goma, kukan ya lafa, gudun kuma ya zauna wuri guda ko da mun kwana muna buga ƙwallo da abokai. Kuma ka lura, rage wutar Nvidia ba ta hana kowa ba. Lambobin nan na katina ne, naka zai iya so ka ɗan ƙara ko ka rage, ko 'yan uwa ɗaya ba halinsu ɗaya ba.

RX 580 kuwa, na yarda tana da ma'ajiya giga 8 inda 1660 ke da 6, kuma manhajar AMD da kanta tana barinka ka taɓa wuta, BIOS ɗinta ma yana gyaruwa. Iyakarta ke nan a wurina. Kati ne na 2017 mai shan wat 185, alhali 1660 Super ta 2019 wat 125 take sha kuma ta fi ta sauri a yawancin wasanni. Ka ƙara mata wuta a kan wannan, ka sayo wa ɗakinka murhu, ga batun akwatin wutar kwamfutarka ko zai iya ɗauka, ga wutarmu da ke rawa tana ɗaukewa. Ita AMD ɗin ma da ta kai RX 7000 ta toshe hanyar da ake bi da manhajar MorePowerTool a buɗe iyakar wuta.

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa, domin ni an taɓa yi mini. Bayan Ethereum, wani kuɗin intanet, ta daina haƙo da katin girafik a Satumban 2022, katunan mahaƙa sun malalo kasuwa, kuma RX 580 na cikin waɗanda suka fi shan wahala a hannunsu. Wani mai shago ya sayar mini da ɗaya, an wanke ta fes, an sa ta a sabon kwali, ya rantse daga Turai ta zo. Kwana tara sai ga ɗige-ɗige kore a allo. Da aka buɗe ta, man da ke kan ƙwaƙwalwar ya bushe kamar busasshen tuwo, BIOS ɗin kuma na haƙa ne. Na koma shagon ya ce ai wutar gidana ce ta ƙona ta.

Don haka kada ka ƙirga kuɗi sai an jona katin a gabanka. Tafi da GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati, a filas ɗinka. RX 580 ta gaskiya tana nuna 2304 a wajen Shaders, in ka ga 2048 to RX 570 ce ta sa babbar riga. Ɓangaren Nvidia ma akwai tsofaffin GTS 450 da ake sauya wa suna su koma GTX 1050 Ti, GPU-Z yakan rubuta FAKE a gaban sunan. Sa a kunna wasa mai nauyi na rabin awa, idonka a kan zafi da fankoki biyun, ka duba sukurorin baya ko an taɓa kwance su. In mai shago ya ce babu wuta yau, ka tafi da shi gida ka gwada, ce masa za ka dawo ran da aka kawo.

In ka sayo, busa masa iska duk wata lokacin hunturu saboda ƙura, ka turo hoton layin Afterburner ɗinka nan mu daidaita shi tare.