Kuɗin hunturu: keken gwanjo, agogo ko na'urar ɗaka, wanne za ka saya?

Duk shekara, da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, hazo ya rufe duwatsun da ke kewaye da Bauchi, tambaya ɗaya ce ke yawo a tsakaninmu masu wasan tirayatlon: gasa ta yi nisa, an ɗan tara kuɗi, me za a saya kafin a koma fage? Makon jiya wani ƙanena a harkar, wanda bara ya fara haɗa iyo da keke da gudu, ya same ni bayan la'asar da hotuna uku a wayarsa. Agogon Garmin, da na'urar nan da ake ɗaura keke a kai a yi ta feda a cikin ɗaki, da wani keken kabon (wanda aka yi jikinsa da zaren kabon marar nauyi maimakon ƙarfe) mai sheƙi da aka turo masa ta WhatsApp. Ya ce, "Yaya, kuɗina ɗaya kawai za su iya saye." Na ce masa ya ajiye duka ukun, ya nemi keken titi na alminiyam, ɗan gwanjo, wanda ya yi daidai da tsawonsa. Ga dalilina.

A tazarar Olamfik, wadda da ita tirayatlon ya shiga wasannin Olamfik a Sidni a 2000, ana yin iyo na kilomita 1.5, keke na kilomita 40, gudu na kilomita 10. A ƙaramar tazara kuwa mita 750 ne, da kilomita 20, da kilomita 5. Ko wacce ka ɗauka, mutum irinmu da ke da wurin aiki da iyali yana shafe kusan rabin lokacin gasar a kan sirdi. Kuma a watannin hutu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, keke ne abin da ke gina numfashi ba tare da ya daddaki gwiwa ba. Ni tsarina ba ya canzawa. Mako biyu na farko ba na taɓa komai sai tafiya da ƙafa da barci. Bayan nan keke sau uku a mako, biyu gajeru, ɗaya dogo ranar Asabar a hanyar Dass, cikin saurin da zan iya hira da na kusa da ni ba tare da haki ba. Gudu sau biyu, a hankali, bayan rana ta ɗan ɗaga sanyin ya sassauta. Duk wannan tsari a kan keken ya tsaya.

Agogo abu ne mai daɗi, amma wayar da ke aljihunka da manhajar Strava za su ƙirga maka kilomita kyauta. In ma ka nace, duba da kyau, domin agogon Garmin Forerunner 55 ba shi da tsarin haɗa wasanni uku a jere, sai ka hau zuwa irin su 255. Na'urar ɗaka tana da rana guda: ranar da ƙura ta yi kauri har ba ka hangen motar da ke gabanka, musamman ga mai asma. Amma sai kana da keken kafin ka ɗaura shi a kai. Keken dutse mai faffaɗar taya nauyi ne kawai a kan kwalta. Sababbin kekunan nan masu arha da ake jerawa a bakin shaguna, masu suna da manyan baƙaƙe da birkin roba, ba za su kai ka damina ba. Keken gasa na musamman mai ƙahon da ake kwanciya a kai don rage iska kuwa, a titin da ke da Keke Napep da awaki da ramuka, neman asibiti ne.

To, mu zo kan ɗan gwanjon alminiyam. Irin su Giant, Trek, Specialized da Cannondale suna shigowa cikin kayan kwatano, wasu an ɗan hau su an jingine a gareji shekaru. Abin da ya sa nake son su shi ne ba sa ɓoye ciwonsu. In alminiyam ya bugu za ka ga lotsawa, in ya gaji za ka ga tsaga siririya a gefen walda. Idonka da yatsanka sun isa su gaya maka gaskiyarsa. Ba shi da nauyin da zai hana ka hawa tudu, kuma in ya faɗi a jingine a tsakar gida ba sai gabanka ya faɗi ba.

Sai ka dubi kayan giya. Kamfanin Shimano masu ƙera su suna da matakai: Claris mai giya 8 a baya, Sora mai 9, Tiagra mai 10, sai 105 mai 11, sababbin fitowarsa kuma 12, kafin a kai Ultegra da Dura-Ace. Samari suna rububin 105, ni kuwa Sora ko Tiagra nake ba mutum shawara. Sarƙar giya 8 da 9 ta fi kauri, ta fi jure ƙurarmu, ta fi arha, kuma in ta tsinke ba sai ka jira saƙo daga Legas na makonni ba. Bambancin gudu tsakanin Sora da 105 ga wanda ke shekararsa ta biyu bai kai na daren da ya yi barci sosai da wanda bai yi ba.

Girma shi ne abin da ba a gyarawa da kuɗi. Mai tsawon santimita 170 zuwa 177 galibi firam, wato gangar jikin keken, mai lamba 54 ne nasa, amma kada ka tsaya ga lamba. Tsaya a kan keken, ƙafafu biyu a ƙasa, a sami ratar yatsu biyu ko uku tsakaninka da ƙarfen sama. Ka hau sirdi, ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa. In ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkata ba, tsayin ya yi. Keken da ya fi ƙarfinka zai ba ka ciwon wuya da na baya, wanda ya yi maka kaɗan kuma gwiwa zai ci. Taya kuma ka tabbata firam ɗin zai karɓi mai faɗin milimita 28. Siririyar 23 da tsofaffin kekuna ke zuwa da ita tana jin kowane tsakuwa, ga tsidau a gefen hanya. Ka kuma lura da bakin tiyub: na keken titi siriri ne, ana ce masa Presta, injin mai faci na bakin titi ba ya kama shi. Sayi ɗan ƙaramin mahaɗi ka sa a aljihu, ko ka mallaki famfonka.

Yanzu maganar kabon, wadda ita ce ta sa na kasa yin shiru. Shekara uku da suka wuce na sayi keken kabon a hannun wani dillali. Fenti sabo fil, baƙi da ja, nauyinsa kamar ka ɗaga da yatsa biyu. Na tambaye shi me ya sa fentin ya yi sabo haka, ya ce mai shi ne ɗan gayu. Na biya, na ba da la'ada, na yi ta murna. A mako na shida, ina gangarowa daga wani tudu da sassafe, na ji wani "ƙas" a gaba, kafin in taɓa birki ƙafar da ke riƙe da tayar gaba ta rabu biyu. Na farka a gefen kwalta, wani manomi yana yayyafa mini ruwa yana cewa, "Sannu bawan Allah, kada ka motsa." Ƙashin kafaɗata ya karye. Wata uku ban hau keke ba, wata huɗu ban shiga ruwa ba, shekarar gaba ɗaya ta tafi.

Da na kai ragowar keken wurin bakanikena, dattijo ne da ya haura shekara talatin yana gyaran kekuna, ya ɗauki reza ya kankare fentin wurin da ya karye. A ƙarƙashi akwai wani abu fari-fari kamar wanda masu gyaran jikin mota ke cike lotsawa da shi. Ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, wannan tun can ya karye. Liƙe shi aka yi aka shafa masa kwalliya." Na ce, "Baba, da na kawo maka kafin in biya fa?" Ya ce, "Da na ce ka bar musu kayansu."

Ba ina cewa kabon mugun abu ba ne. Manyan 'yan tsere a kansa suke. Amma kabon zare ne da aka jera aka haɗe da danƙo, in ya bugu yana iya ɓarewa ta ciki alhali waje sumul. Ba a yi masa walda. Wasu suna ƙwanƙwasa shi da kwabo su saurari inda sautin ya dushe, to wannan yana kama babbar ɓarna ne kawai, ƙaramar takan wuce. Wanda bai san tarihin keken ba, bai san ko daga kan mota ya faɗo ba, caca yake yi da wuyansa. Akwai kuma jabun firam da ake bugawa a manna musu sunan manyan kamfanoni, waɗanda ba a taɓa gwada ƙarfinsu ba. Ka lura, kekunan alminiyam da yawa ƙafar gabansu ta kabon ce, saboda haka ko a ɗan gwanjon da nake yabo, wannan wurin za ka fi tsananta wa bincike. In ka ga sabon fenti a nan kaɗai, ka yi sallama ka tafi.

Kada ka je ciniki da dare ko a cikin shago mai duhu. A fito da keken rana. Ka zo da tsumma ka goge gindin sirdi, da wuyan da ke riƙe da ƙaho, da inda feda ke shiga firam, ka bi kowace walda da farce. In ka ga waldar da ta fi sauran muni, an yi ta ne a bakin titi, kuma alminiyam na keke ana gasa shi ne a masana'anta bayan walda don ya yi ƙarfi. Wanda aka sake ƙonawa a gareji ya yi laushi a wurin. Ka kifa keken ka duba lambar da ke ƙarƙashin firam. In an goge ta ko an cike ta da fenti, mai yiwuwa kayan sata ne, kuma ranar da mai shi ya gane abinsa kai za a riƙe. Ka juya kowace taya ka ga ko tana rawa. Ka matse birkin gaba ka tura keken gaba da baya, in wuyan yana ƙwas-ƙwas akwai gyara a gabanka. Sarƙa kuma a auna ta: gaɓa 12 cikakku, wato ƙanana 24, inci 12 ne daidai, in ta zarce da abin da ido ke gani ta miƙe, kuma ta riga ta cinye haƙoran giyar baya. Ba dalilin fasa saye ba ne, dalilin rage kuɗi ne.

Jabu bai tsaya a firam ba. Akwai sarƙar da ke cikin kwali mai sunan Shimano amma ba tasu ba ce, rubutun jikinta a dushe, takan tsinke daidai lokacin da ka miƙe tsaye kana taka tudu. Akwai kekunan da aka sa musu abin canza giya na baya mai sunan 105 don ido, sauran kayan duk tarkace. Ka karanta sunan da ke jikin kowane ɓangare, kada ka tsaya ga na baya kaɗai. Hular kwano ta fi ba ni tsoro. Ta gaske tana da takarda a ciki mai alamar gwajin inganci ta EN 1078 ko CPSC, kumfarta a matse take da tauri, kuma bawon waje a manne yake da ita. Jabun kuwa za ka iya lotsa ta da babban yatsa. Hula ita kaɗai ce ba na yarda a saya a gwanjo, domin wadda ta taɓa bugun ƙasa ta gama aikinta ko da ba a ga alama ba. Tawa ta ranar nan ta tsage gida biyu, kaina kuwa ko ƙwarzane babu. Sai masu turo hoto a intanet su ce a tura rabin kuɗi a sa kaya a mota. Hoton da ƙanen nan nawa ya nuna mini, da muka bincika, mun same shi a shafin wani shago na ƙasar waje. Keken da ba ka ɗora hannu a kai ba, kada sisinka ya fita.

In canji ya rage bayan keke da hula, takalmin gudu ne na gaba, domin yawanci daga kilomita 500 zuwa 800 tafinsa ya mutu ko da samansa na sheƙi. Garin ƙarin ƙarfi na gwangwani da bindigar tausa ba na ba su ko naira. Ƙwai, wake, fura da nono da barcin awa takwas sun riƙe ni har kafaɗata ta warke. Iyo a hunturu sai a wurin wanka na otal da rana tsaka. Kada sanyi ko tsada su tura ka dam ko kududdufi, tsargiya ba wasa ba ce. Wanda ya samu hali ya je Yankari, ruwan Wikki yana nan da ɗuminsa wajen digiri 31 duk shekara, kafaɗa tana sakewa a cikinsa.

Ƙanen nawa ya samo wani Giant mai Sora, lamba 54, fentinsa na asali duk da ƙwarzane a gefe. Mun kai wa Baba ya duba, ya ce a canza sarƙa da robar birki kawai. Ya kuma gargaɗe shi kada ya kuskura ya zuba wa sarƙar baƙin man inji, domin a wannan ƙurar yana zama kamar dutsen niƙa. A nemi man keke marar danƙo, a goge da tsumma bayan kowace fita. Asabar mai zuwa za mu fita tare da ƙarfe bakwai, kilomita 30 kawai, mu juyo kafin iska ta taso.