Rediyon Littafi Mai Tsarki mai caji da rana, bayan damina ɗaya a hannuna

A ƙauyenmu, can gefen Gani ta ƙasar Sumaila, rediyo muke ce masa, ko da yake ba ya kama tasha ko ɗaya. Ɗan akwati ne da bai fi tafin hannu ba, da gilashin sola a bayansa, a ciki kuma an naɗi murya tana karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, tun daga Farawa har Wahayin Yahaya. A wani shago na saye shi a Sabon Gari, ranar da na kai Inna asibitin ido na ECWA. Zakaru biyu ya ci mini, har da ciko.

Gaskiyar abin da ya sa na saya, son hutu ne. Bara fasto ya damƙa mini samari biyu masu shirin baftisma, 'ya'yan Maguzawa kamar ni, boko bai zauna musu sosai ba. Unguwarsu tana tsallaken rafi, in ruwa ya sauka sai ka naɗe wando. Na ce to, ga wanda zai riƙa zuwa a madadina.

Muryar tana fita garau, mutum goma a zaure kowa zai ji. In ka shanya shi daga hantsi zuwa la'asar, zai kai ka hira biyu. Amma a markar Agusta, kwana uku ba rana, sai ya yi gum. Madannansa ƙanana ne, kafin ka kai Ishaya babban yatsa ya gaji, 'yar robar da ke rufe ramin caji kuma ta ɓalle tun wata na biyu. Hausarsa a kunnena irin ta fassarar 1979 ce da muke zuwa sujada da ita. Tsofaffinmu da suka tashi da ta 1932 suna ɗan gunaguni, amma su dama ko sabuwar waƙa aka kawo sai sun yi.

Cikin mako guda yaran suka saurari surori 16 na Markus, har suna kawo ayoyi da ka. Na fara jin kaina.

Sai da kaka ta zo. Mahaifin ɗayansu ya ce ya zo ya riƙe masa akuyar da za a yanka a gindin tsamiyar tsafi. Yaron nan ga rediyo a aljihunsa, amma cikin dare ya tsallako rafi ya buga mini ƙyaure. "Yaya, in na ƙi, na karya dokar girmama uba? In na riƙe fa?" Ni ma na rasa ta cewa.

Da safe na kai shi wurin Baba mai bishara, wanda ya riƙe ni sama da shekara 20 da suka wuce, lokacin da aka daina ci da ni a ƙwarya ɗaya a gidanmu. Bai buɗe littafi ba. Gyaɗa ya turo mana muka yi ta ɓara, yana tambayar yaron ciwon ƙafar babansa, da ko dawarsu ta yi kyau. Can ya ba shi labarin tasa ranar da nasa uban. Sannan ya ce mini, "Ɗana, ɗauko mini sandata." Da goro a aljihu ya je ya gai da tsohon, suka daɗe a zaure. Aka tashi a kan yaro zai ɗauke wa uban girbi da ɗaurin dami duka, yanka kuwa a nemi wani. A hanyar dawowa Baba ya tuna mini da mutumin Habasha na Ayyukan Manzanni sura 8, wanda ke da littafin annabi Ishaya a hannu amma bai gane ba sai da Filibus mai wa'azi ya hau karusarsa ya zauna kusa da shi ya bayyana masa. Na gane da ni yake.

Yanzu duk Laraba da yamma nake tsallakawa. Mu ji sura ɗaya, mu kashe, sauran hira ce, wani lokaci ma kan kuɗin taki ko maganar aure.

Ga wanda ido ya yi wa rauni irin Inna, ko wanda bai yi makaranta ba, kuɗinsa bai tafi a banza ba, zan ma ƙara sayen wani don zumuntar mata. In za ka saya, ka sa mai shago ya kunna maka Zabura ta 119 ka ji ko murya tana sarƙewa, ka kuma tanadi leda saboda ƙurar hunturu.